Tsawwala Farashi A Lokacin Bala'i: Ina Iyakar Halastacciyar Riba?

Tsawwala farashi a lokacin bala'i shi ne ɗan kasuwa ya ƙara kuɗin kayan da rayuwa ta dogara a kansu, kamar abinci, ruwan sha, magani, man fetur, sufuri ko masauki, fiye da kima, saboda ya san ambaliya, gobara ko annoba ta hana mai saye zuwa wani wuri.

Ba kowane ƙarin farashi ne ya shiga wannan ma'ana ba. A shekarar 2022, ambaliya ta shanye hanyar Lokoja zuwa Abuja a yankin Koton Karfe, tankokin mai suka maƙale, aka shiga ƙarancin fetur a Abuja. Direban da ya yi zagaye mai nisa ko ya kwana a hanya, dole ne kuɗin dakonsa ya ƙaru. Wanda ake zargi shi ne mai kayan da suke jibge a rumbu tun kafin ruwan ya zo, bai kashe ko kwabo a kansu ba, amma ya ninka kuɗinsu.

An ga irin wannan ƙorafi a Maiduguri bayan madatsar ruwan Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024. Ruwa ya mamaye unguwanni da Kasuwar Monday, mazauna birnin kuma suka koka kan kuɗin da wasu masu kwale-kwale suke karɓa kafin su tsallakar da mutane da kayansu.

Masana tattalin arziki sun kasu biyu. Wasu na ganin tashin farashi yana jawo 'yan kasuwar nesa su kawo kaya inda ake buƙata, yana kuma hana mutum ɗaya kwashe abin da zai ishi mutum goma. A ganinsu, ƙayyade farashi yakan tura kaya kasuwar bayan fage.

Wasu kuwa suna cewa ciniki yana halasta ne idan akwai yardar ɓangarorin biyu, kuma wanda ruwa ya kai masa wuya ba shi da zaɓin da za a kira yarda. Sun ƙara da cewa idan aka bar farashi ya raba kaya, mai kuɗi ne zai tsira, ba mai tsananin buƙata ba. Da wannan muhawara Farfesa Michael Sandel na Jami'ar Harvard ya buɗe littafinsa na 2009 kan adalci, inda ya kawo misalin guguwar Charley da ta afka wa Jihar Florida ta Amurka a 2004.

A Musulunci, ɓoye kaya domin su yi tsada, wato ihtikari, haramun ne. An ruwaito cewa Annabi Muhammad (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi da aka yi tsada a Madina, amma malamai irin su Ibn Taimiyya sun bayyana cewa hukuma za ta iya tilasta wa mai kaya ya sayar a kan farashin da aka saba idan jama'a na cikin larura. A ɓangaren Kiristanci, malamin ƙarni na 13 Thomas Aquinas ya koyar da cewa bai dace mai sayarwa ya ƙara kuɗi don kawai mai saye yana cikin matsi ba, sai dai idan shi kansa zai yi asara.

Dokoki ma sun bi wannan bambanci. A Jihar Kalifoniya, da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci, laifi ne a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a kan kayan masarufi da kuɗin haya, sai idan mai kaya ya nuna kuɗin da ya kashe ne ya ƙaru.

A Najeriya, sashe na 127 na Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ya haramta sayar da kaya ko aiki a kan farashin da a fili yake zalunci ne. Hukumar FCCPC ce ke aiwatar da dokar, kuma a 2020, lokacin annobar korona, ta gurfanar da wasu shaguna a kotu bisa zargin tsawwala kuɗin man tsaftace hannu. Hukumar ba ta yanka wa 'yan kasuwa farashi, tana dai binciken ƙorafin da aka kai mata.

Ma'aunin da addini, doka da masana da dama suka haɗu a kai shi ne dalilin ƙarin. Idan kuɗin sufuri, haɗari ko asara ne suka jawo shi, halak ne. Idan kuwa rashin mafitar mai saye ne kaɗai dalili, to ƙazamar riba ce.