Awon Amino Asid a Ganyayen Magani da Sharaɗin Ingancinsa

Ko da yake mutanen Kangire da sauran ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram sun daɗe suna jiƙa sabara, suna kwaɗa zogale, suna kaɗa miyar kuka, ba tare da jiran fatawar ɗakin gwaje-gwaje ba, duk da haka, tun da masana suka ɗora wa kansu auna amino asid ɗin da ke cikin waɗannan ganyaye, wajibi ne a binciki ma'aunin kafin a karɓi hukuncinsa.

Hanyar Kjeldahl, wadda aka fitar a 1883, naitirojin kaɗai take aunawa, sa'an nan a ninka shi da 6.25 a kira shi furotin, alhali ganye yana ɗauke da naitirojin da ba na furotin ba. Saboda haka lissafinta yakan wuce haƙiƙa. Wadda ta fi ta tahƙiƙi ita ce ta Spackman da Stein da Moore, waɗanda a 1958 suka ƙera na'urar da ke rarrabe amino asid ɗaya bayan ɗaya, ta gwama kowanne da ninhaidirin, ya ba da launin shunayya (ban da firolin, wanda rawaya yake bayarwa), a gane yawansa daga kaurin launin. Amma kafin nan sai an dafa garin ganyen cikin asid mai ƙarfi, a zafin digiri 110, kimanin awa 24, kuma wannan dahuwa tana halaka tiriftofan, tana rage sistin da metiyonin in ba a tsare su ba. Rashin tiriftofan a jadawali, ke nan, ba hujja ba ce cewa ganyen ba shi da shi.

A ra'ayina, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar matani sai da isnadi, haka bai kamata a karɓi adadi ba sai an bayyana inda aka tsinko ganyen, da damina ko da rani, a inuwa aka shanya shi ko a rana. Sa'an nan mai shan jiƙo abin da ruwa ya fitar kaɗai yake sha, ba dukkan abin da asid ya warware ba. Don haka ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Bayero da ke nufin amfanar mutanen Kangire, ya auna jiƙon kansa, yadda ake haɗa shi a gida, tare da busasshen ganyen.