Katharine Sakenfeld: fasto mace da ta shafe shekara 43 tana koyar da Tsohon Alkawari

Katharine Doob Sakenfeld ƴar ƙasar Amurka ce, an haife ta a 1940. Fasto ce a ekklisiyar Firesbiteriyan, kuma tana cikin manyan masanan Tsohon Alkawari, wato sashen farko na Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda asalinsa da Ibrananci aka rubuta. Sunan Firesbiteriyan ya fito ne daga kalmar Helenanci mai nufin dattijo, don dattawan da jama'a suka zaɓa su ke riƙe da ragamar majami'a tare da fasto. Nan Nijar ma ba baƙi ba ne sarai, ekklisiyar EERN tana da hulɗar aiki da su.

Ta yi karatu a kwalejin Wooster da ke jihar Ohio, ta samu digirin dakta a jami'ar Harvard. A 1970 ta fara koyarwa a makarantar horar da fastoci ta Princeton, wadda aka kafa tun 1812, ba ta bar wurin ba sai da ta yi ritaya a 2013. A lokacin da ta shiga, mace a kan mumbari sabon abu ne: sai a 1956 babban reshen ekklisiyar ya naɗa mace ta farko fasto, Margaret Towner. A wannan makaranta ce Nyambura Njoroge, mace ta farko da Firesbiteriyan na Kenya suka naɗa fasto a 1982, ta yi nata digirin dakta.

Aikin da ya fara fito da sunanta a kan kalma guda ne tak, hesed. Masu fassara sun daɗe suna fama da ita, wani ya ce ƙauna, wani ya ce jinƙai, wani aminci. A littafinta na 1978 ta bi wuraren da kalmar ta fito, ta nuna cewa hesed taimako ne da mai hali yake yi wa wanda ke cikin matsi, alhali akwai dangantaka tsakaninsu tun da fari, kuma ba alƙalin da zai tilasta shi. Yana iya juya baya, ba a kama shi da laifi, amma bai juya ba. Bahaushe zai ji wani abu na zumunci da riƙon amana a ciki. Ɗan'uwan da ke Kwatano ko Legas, wanda ba takardar da ta ɗaure shi, amma duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa sai ya aiko da kuɗin hatsi, ya san abin ko bai san sunansa ba.

Inda aikinta ya fi taɓa rayuwar ƙauye shi ne labarin ɗiyan Zelofehad mata, a Littafin Ƙidaya sura 27 da 36. Su biyar ne: Mala, Nuwa, Hogla, Milka da Tirza. Ubansu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, ga shi ana shirin rabon ƙasa. Sai suka tsaya gaban Musa da shugabannin jama'a suka nemi a ba su rabon ubansu, kada sunansa ya ɓace. Aka ce suna da gaskiya, har abin ya zama doka. Mai karatu da yawa nan yake tsayawa. Ita kuwa ta ce a ƙarasa zuwa sura 36, inda mazan dangin suka dawo da ƙara cewa in matan nan suka yi aure waje, gonar ta bar dangi ke nan. Sai aka yanke cewa su auri wanda suke so, amma cikin kabilar ubansu, suka kuwa auri ƴaƴan baffanninsu. To nasarar mata ce, ko dabarar tsare ƙasa da sunan namiji? Sakenfeld ta nuna duka biyun suna cikin labarin, kuma amsar da mutum ya bayar takan bi irin tambayar da ya zo da ita. Wanda ya taɓa zama gaban maigari ranar shari'ar gonar gado ba zai ji wannan gardama baƙuwa ba.

Haka ta yi da littafin Rut, wanda ta yi wa sharhi a 1999. Labari ne na yunwa da ci-rani: Na'omi ta bi mijinta daga Baitalami zuwa Mowab, miji da ƴaƴa biyu suka mutu can, ta komo hannu wofi da sarakuwarta Rut, wadda ta riƙa kala a gonar Bo'aza don su ci. Sakenfeld ta zauna da mata Kirista a ƙasashen Asiya ta saurari yadda suke jin labarin. Wasu sun ce da shi ake rufe bakin matar ɗa a gaban uwar miji. Ta kuma kawo batun wata yarinya matalauciya daga Filifin da ta kafa hujja da Rut don ta tafi ƙetare, ko mai kuɗi zai aure ta ya riƙe iyayenta. Abin da ya dame ta ke nan: labarin ya ƙare da daɗi, amma mafitar matan biyu ta rataya ne ga samun namiji mai dukiya mai kuma kirki, abin da ba kowace bazawara ke dacewa da shi ba.

Waɗannan tattaunawa su ta tara a littafinta na 2003, Just Wives?, sunan da ke da harshen damo a Turanci: ko matan aure kawai, ko matan aure masu adalci. A ciki akwai Saratu da Hajara, Bashti da Esta, Mikal, Abigel da Batsheba, da Gomer.

Tana cikin kwamitin da ya yi fassarar Turanci ta NRSV wadda ta fito a 1989. Ita ce babbar edita ta ƙamus ɗin Littafi Mai Tsarki mai juzu'i 5 da aka buga tsakanin 2006 da 2009, kuma a 2007 ta shugabanci SBL, babbar ƙungiyar masanan wannan fanni.