Aduwa da kokwambar teku

Aduwa itaciya ce mai ƙaya da fure da ke tsirowa a ƙasar Hausa da sauran yankin Sahel. Wani masani mai suna Delile ne ya raɗa mata sunan kimiyya Balanites aegyptiaca a 1813. Kokwambar teku kuwa dabba ce, irin su Holothuria arguinensis da masana suka bayyana a 1906 daga gaɓar Muritaniya. Duk da wannan nisa tsakanin itaciya da dabba, dukansu na samar da safonin, sinadari mai kumfa da ke cutar da kifi. Shi ya sa ake wanki da ɓawon aduwa, dabbar kuma da shi take kare kanta. Wani zai ce ai wannan alamar dangantaka ce, amma ginin sinadaran ya bambanta, domin kowaccensu ta hanyarta ta samo nata.