Tarihin Koyo ta Hanyar Aiki da Darasin da ke Cikinsa

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a 'yan shekarun nan ana yawan maganar wata hanyar koyarwa ga yaran ƙaramar sakandare. Maimakon malami ya cika allo yara su kwafa, sai a ba su aiki guda na makonni, kamar auna ruwan da makaranta ke sha ko noma fili su lissafta riba, su haɗa lissafi da kimiyya da rubutu a cikinsa. Wasu na ɗauka sabon abu ne, alhali ya haura shekara ɗari.

A shekarar 1896 masanin falsafa John Dewey ya buɗe wata makarantar gwaji a Jami'ar Cikago ta Amurka. Yaran makarantar sukan yi girki da saƙa da aikin kafinta da lambu, kuma daga awon gari da tsawon katako suke shiga lissafi. A 1918 William Kilpatrick, malami a kwalejin horon malamai ta Jami'ar Kolombiya, ya buga maƙalar da ta yayata hanyar a duniya. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi riƙe abin da ya yi da niyyar kansa.

Daga Amurka hanyar ta tsallaka Tarayyar Sobiyet, inda aka rungume ta hannu bibbiyu a shekarun 1920, har aka rushe iyakokin darussa. Ba a daɗe ba aka fara kukan yara ba su ƙware a karatu da lissafi ba, sai jam'iyyar Kwaminis ta yi tir da hanyar a 1931, aka koma jadawali da littafi. Shi kansa Dewey, a littafin da ya fitar a 1938, ya gargaɗi mabiyansa cewa sakin yara ba tare da jagorancin malami ba ba ilimi ba ne.

Mu ma a Nijeriya mun taɓa neman haɗa hannu da ƙwaƙwalwa. Taron manhajar karatu na ƙasa da aka yi a Legas a 1969 ya soki ilimin da Turawa suka bari, wanda ya fi karkata ga samar da akawu. Daga nan aka sami manufar ilimi ta 1977 da tsarin 6-3-3-4, wanda aka fara aiki da shi a 1982. An so yaro ya yi shekara uku na ƙaramar sakandare yana taɓa katako da ƙarfe da wayar lantarki. Gwamnati ta yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai, amma a makarantu da yawa suka yi shekaru cikin akwatuna suna tsatsa, don babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Ƙarshenta aka koma zana zarto a allo, yara suna haddace sunansa domin jarrabawa.

Darasin a fili yake. Sobiyet ta yi watsi da ginshiƙan karatu, mu kuwa muka sayi kaya kafin mu tanadi mai koyarwa. Hanyar tana tsayawa ne inda malami ya sami horo, aka bar karatu da lissafi a matsayinsu, aka kuma zaɓi aikin da makaranta za ta iya ɗauka.

Saboda haka, duk lokacin da ƙungiyarmu ta tashi taimaka wa makarantarmu ta wannan fanni, ina ba da shawara mu fara da malamai kafin injuna. A cikinmu akwai injiniyoyi da malaman gona da ma'aikatan lafiya. Kowannensu zai iya zama da aji guda na zango ɗaya a kan aiki ƙarami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ikon saka wa makarantar da ta raine mu.