Alhudahuda da Taron Tsuntsaye: Waƙar sufaye a hannun masu fasahar zamani

A ƙauyukan arewacin jihar Kano, kamar yankunan Ɗambatta da Bichi, alhudahuda tsuntsu ne sananne. Akan gan shi yana caccakar ƙasa a gefen gonaki, da tukkunsa mai kama da rawani, kuma Hausawa na yi masa kirari da malamin tsuntsaye.

Wannan daraja ta samo asali ne daga Alƙur'ani mai girma, inda Suratun Namli ta ba da labarin yadda ya kawo wa Annabi Sulaimanu labarin sarauniyar Saba'u. Shi ne kuma jagora a wata shahararriyar waƙar sufaye da masu fasahar zamani ke ci gaba da ɗiba daga cikinta.

Asalin waƙar

Fariduddin Attar, wani sufi ɗan birnin Naishabur da ke ƙasar Iran ta yau, shi ne ya tsara waƙar da harshen Farisanci a ƙarshen ƙarni na 12. Ya raɗa mata suna Manɗiƙuɗ Ɗairi, wato zancen tsuntsaye, kuma tana da baitoci fiye da 4,000.

A cikinta tsuntsayen duniya sun taru domin neman sarki, sai alhudahuda ya shaida masu cewa suna da shi, sunansa Simurg, amma hanyar zuwa fadarsa na da tsawo da wuya.

Nan take kowa ya fara kawo uzuri. Agwagwa ta ce ba ta iya rabuwa da ruwa, mujiya kuma ta maƙale wa kangon da take tsammanin akwai dukiya a cikinsa. Kowane uzuri dai na nuni ne da wani hali na ɗan Adam da ke hana shi kusantar Ubangijinsa.

Waɗanda suka ɗaura niyya sai da suka ƙetare kwaruruka bakwai, tun daga na nema da na ƙauna da na sani, har zuwa na ƙarshe, wanda sufaye ke kira fana'i.

Tsuntsaye 30 ne kawai suka isa, inda suka tarar da surar kansu, domin a Farisanci kalmomin "si murg" na nufin tsuntsaye talatin.

Ratsawa ta ƙasar Hausa

A watan Disamba na 1972, Peter Brook, wani mai shirya wasan kwaikwayo ɗan Ingila da ke zaune a birnin Paris, ya taso da ayarinsa, ciki har da 'yar wasa Helen Mirren. Sun ratsa hamada daga Aljeriya, suka bi ta Agadas da Damagaram zuwa Kano, daga nan suka nausa kudancin Najeriya.

A tafiyar ta kimanin watanni uku, sukan shimfiɗa darduma a dandalin ƙauye ko kasuwa su yi wasa a gaban mutanen da ba su jin harshensu. Burinsu shi ne gano ko motsi da sauti kaɗai za su iya isar da saƙo, kuma labarin tsuntsayen Attar na daga cikin abubuwan da suke gwaji a kai.

Ba kowane wasa ne ya samu karɓuwa ba, kamar yadda marubuci John Heilpern, wanda ya raka su, ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1977.

Sai a 1979 ne Brook da marubucin nan na Faransa Jean-Claude Carrière suka gabatar da cikakken wasan a bikin birnin Avignon. Brook ya rasu a 2022.

A fagen zane

Masu zane ma ba a bar su a baya ba. Gidan tarihi na Metropolitan da ke birnin New York na ajiye da wani kwafin waƙar da aka rubuta da hannu a Herat a 1487, wanda daga bisani aka ƙara masa hoton taron tsuntsayen.

A 2011 kuma Peter Sis, mai zane haifaffen ƙasar Czech da ke zaune a Amurka, ya fitar da littafin da ya ba da labarin gaba ɗaya cikin hotuna.

Ga mabiya ɗarikun Ƙadiriyya da Tijjaniyya a ƙasar Kano, darasin ba baƙo ba ne, domin a wurinsu muridi ba ya kama hanya sai da shehin da ya riga shi saninta.