Taswirar Agaji ta Aikin Gayya: Tarihinta daga Nairobi zuwa Kathmandu

Taswirar agaji ta aikin gayya ita ce wadda jama'a da yawa, galibi 'yan sa-kai da ba su taɓa ganin juna ba, suke haɗawa ta intanet lokacin bala'i ko rikici. Wani ya turo saƙon tes, wani ya fassara, wani ya nemo wurin a kan taswira, domin masu agaji su san inda za su dosa. Masu rubuta tarihinta sun saɓa a kan mafarinta. Rahotannin manyan ƙungiyoyi sun fi kafa shi a girgizar ƙasar Haiti ta 2010. Wasu kuma kan koma baya zuwa ReliefWeb, shafin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 1996, bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda ya nuna yadda hukumomi ke aiki wuri ɗaya kowa da labarinsa a aljihu. Amma ReliefWeb rumbun rahotanni ne, ma'aikaci ke rubuta wa ma'aikaci. Sauyin gaske ya zo ne ranar da wanda abin ya shafa ya zama mai kawo labari, kuma a Kenya aka ga haka ƙarara.

An yi zaɓen Kenya ranar 27 ga Disamba 2007. Da aka ayyana Mwai Kibaki a matsayin wanda ya ci, magoya bayan Raila Odinga suka ce an yi maguɗi, ƙasar ta kama da wuta. Mutum sama da 1,100 suka mutu, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu, gwamnati kuma ta hana watsa labarai kai tsaye. Wata lauya mai suna Ory Okolloh tana ta karɓar labarin kashe-kashe daga masu karanta shafinta har ya fi ƙarfinta, sai ta nemi wanda zai iya ɗora su a taswira. David Kobia da Erik Hersman da Juliana Rotich suka amsa, cikin 'yan kwanaki a watan Janairun 2008 suka tayar da manhajar Ushahidi. Kowa na iya turo abin da ya gani ta waya ko ta intanet, a sa ɗigo a garin da ya faru. Ba hukuma ce ta ba su aikin ba, ba kuma wata ƙungiyar waje ce ta zana shi ba.

Haiti ce ta kai abin ga idon duniya, ita ce kuma ta fi jawo ruɗani. Ƙasa ta girgiza ranar 12 ga Janairu 2010, ta rushe Port-au-Prince. Ko yawan mamatan ma ba a daidaita ba: gwamnati ta ce 316,000, bincike masu zaman kansu sun kawo adadi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Ayyuka uku ne suka tashi a lokaci guda, kuma su ne ake yawan cuɗewa a mai da su ɗaya. Na farko taswirar Ushahidi da Patrick Meier da ɗaliban Jami'ar Tufts ta Amurka suka buɗe. Na biyu lambar waya ta kyauta, 4636, da aka riƙa sanarwa a gidajen rediyon Haiti don mutane su turo buƙatunsu. Na uku kuma 'yan sa-kai wajen 600 na OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, waɗanda suka zauna gaban kwamfuta suna bin hotunan tauraron ɗan'adam da kamfanoni suka saki, suna zana tituna da rusassun gine-gine da sansanonin da mutane suka kafa a fili, har birnin da kusan babu shi a taswirar ya fito dalla-dalla cikin makonni kaɗan.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne ɗalibai a Amurka sun ceci Haiti da manhaja. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan ba. Saƙonnin 4636 sun kai kimanin 80,000, kuma yawancinsu da harshen Kiriyol na Haiti aka rubuto su, wanda ɗaliban ba sa ji, yawancin masu agajin da suka sauka ma ba sa ji. Waɗanda suka ɗauki nauyin su ne masu jin harshen wajen 2,000, akasari 'yan Haiti mazauna ƙasashen waje, da Robert Munro ya taimaka wajen haɗa kansu. Fassara kaɗai ba ta isa ba. Mai saƙo zai ce yana bayan coci kaza kusa da wata kasuwa, ya kira unguwar da laƙabin da babu shi a kowace takarda, sai wanda ya tashi a wurin ne zai gane, ya sa ɗigon inda ya dace. Rahotannin da suka hau taswirar Ushahidi kuwa ba su wuce wajen 3,500 ba. Daga baya ma aikin fassarar ya koma hannun ma'aikata 'yan Haiti da ake biya a garin Mirebalais, abin da ba kasafai ake ambata ba.

Mai musu zai ce ai ba don manhajar Ushahidi ba, da waɗannan mutane ba su haɗu ba, kowa na can yana kuka shi kaɗai. Gaskiya ne, kuma babu mai rage wa masu ƙirar lada. Sai dai manhajar nan an sake buɗe ta sau dubbai a ƙasashe daban-daban, mafi yawa suka tsaya fanko ko da ɗigo 'yan ƙalilan, domin babu jama'ar da za ta cika su, babu kuma hukumar da ta yi alkawarin amsawa. Wani kuma zai kawo labaran mutanen da aka zaƙulo daga ɓaraguzai saboda saƙo. Binciken da aka yi wa aikin Ushahidi na Haiti a 2011 ya tabbatar cewa wasu masu agaji, har da sojojin ruwan Amurka, sun duba taswirar don fahimtar halin da ake ciki, amma danganta ceton wani mutum da wani saƙo ya yi wuyar tabbatarwa. Rahoton da ofishin agaji na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa hannu a kai a shekarar ya ce ma'aikatan fili sun nutse cikin bayanai da ba su da lokacin tacewa. Abin da suka loda a na'urorinsu suka yi yawo da shi shi ne taswirar tituna ta OpenStreetMap.

Haɗarin abin ya bayyana a Libiya a 2011, lokacin da Majalisar ta nemi 'yan sa-kai na Standby Task Force su yi taswirar yaƙin. A can ɗigo na iya nuna wa mai bindiga inda zai nufa, don haka wadda aka nuna wa jama'a sai da aka jinkirta ta aka kuma cire mata bayanai. A shekarar ne ma aka yi amfani da Ushahidi wajen sa ido kan zaɓen Najeriya ƙarƙashin ReclaimNaija. A 2014 cutar Ebola ta sa aka zana Guéckédou ta ƙasar Gini bisa roƙon ƙungiyar likitoci ta MSF, kuma a Nuwamban shekarar MSF da Red Cross ta Amurka da ta Birtaniya da ƙungiyar agaji ta OpenStreetMap suka kafa Missing Maps don a zana garuruwa tun kafin bala'i ya sauka.

Nepal ce ta gwada wannan tunani. Kafin girgizar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe kusan mutum 9,000, Nama Budhathoki da matasan Kathmandu Living Labs sun riga sun bi makarantu da asibitocin birnin da ƙafa sun sa su a taswira. Da ƙasa ta motsa, su ne suka riƙa faɗa wa dubban 'yan sa-kai na waje yankin da za a fara zanawa, su ne suka buga waya suna tantance rahotanni da harshen mutanen, rundunar sojan Nepal kuma ta riƙa karɓar rahotannin daga gare su.