Wasan Ɗaukar Matsayi da Mujallunsa na Farko: Daga Lake Geneva zuwa Dandalin Kalankuwa



Abin da zan yi magana a kansa wani wasa ne da ya ɓullo a Amurka a 1974, da kuma 'yan mujallun da suka yi renonsa. Na san wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da wasan Turawa? To, a yi mini haƙuri kaɗan, domin zancen zai iso gida.

Asalin abin daga soja ne. A 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyan sojan Furushiya, wadda wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yau, wasan yaƙi da ake yi a kan taswira, da alƙali a tsakani mai yanke abin da ya faru. Daga bariki wasan ya shiga gidaje, har H. G. Wells ya buga littafin ƙa'idojinsa, Little Wars, a 1913. Amma a duk waɗannan runduna mutum yake ja. Sabon abin da Gary Gygax da Dave Arneson suka kawo cikin Dungeons & Dragons shi ne kowane ɗan wasa ya ɗauki matsayin mutum guda, ko mayaƙi ko boka, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. Alƙalin wasa ya bayyana halin da ake ciki, 'yan wasa su faɗi abin da za su yi, sai a jefa ɗan lido, wani mai fuska har 20, a ga ko sun dace. Ba rubutaccen labari, ba 'yan kallo. Kamfanin TSR, a ɗan garin Lake Geneva, kwafi 1,000 kacal ya fara bugawa, ƙananan littattafai uku cikin kwali, a kan dala 10.

Haƙiƙa littattafan nan ba su bayyana wasan sosai ba, kuma a ganina wannan naƙasa ita ta haifi mujallun. Wanda ya saya ya rasa gane wata ƙa'ida dole ya tambaya, wanda kuwa ya ƙago tasa yana so ya nuna. A 1975 TSR ya fito da The Strategic Review, wadda ta yi fitowa bakwai, sa'an nan The Dragon ta gaje ta a watan Yuni na 1976, Tim Kask yana edita. A 1975 ɗin dai wata mata, Lee Gold, ta fara Alarums & Excursions a Los Angeles, inda kowa yake rubuto shafukansa a haɗa a rarraba. A Landan kuma Ian Livingstone da Steve Jackson suka kafa White Dwarf a 1977.

Abin lura shi ne, masu karatu su ne marubuta. Wasu matsayai da yau ake ɗauka tamkar da su aka haifi wasan, alal misali maroƙi da ɗan daji mai bin sawu, masu karatu ne suka aiko da su The Strategic Review. Dodannin da masu karatun White Dwarf suka ƙaga aka tattara da yawansu cikin littafin Fiend Folio a 1981. Wani saurayi ɗan Kanada, Ed Greenwood, ya fara aika wa The Dragon rubutu a 1979, ƙasar tatsuniyar da ya ƙirƙira kuwa, Forgotten Realms, kamfanin ya saye ta ya buga a 1987. Watau mujallar ta zama dandali ga mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Sai dai da kasuwa ta buɗe, ƙofa ta ƙuntata. Zuwa 1988 White Dwarf ta koma tallan hajar kamfaninta kaɗai. The Dragon ta daɗe, amma ta daina fitowa a takarda a 2007, a fitowa ta 359.

To, mu dawo gida. Dattawan ƙauyukan ƙasar Katsina, irin na Kankiya da ke kan hanyar Kano da na Kusada maƙwabciyarta, ba za su ji wannan bayani baƙo ba, domin sun san kalankuwa. Bayan kaka, an cika rumbu, samari da 'yan mata sukan kafa mulkinsu na 'yan kwanaki. A naɗa Sarki da Waziri da Alƙali, a zamanin Turawa kuma aka ƙara Gwamna da Razdan da Di'o da Likita da 'yan doka, kowa da shigarsa. A gayyaci ƙauyukan kewaye, a kafa kotu, a kama mai laifin wasa a ci shi tara. Ba wanda ya rubuta wa Di'o abin da zai faɗa. Matsayi aka ba shi, da iyakar ikonsa, sauran kuwa ya rage ga basirarsa. A fada ma akwai wasan gauta, inda matan gidan sarauta suke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna musu halinsu ta hanyar da ba bafaden da zai iya. Mun saba jera waɗannan a ƙarƙashin wasan kwaikwayo, amma ni ina ganin kalankuwa ta fi kusa da abin da ake yi a teburin Gygax bisa abin da ake yi a dandamali, domin ɗan wasa da ɗan kallo mutum ɗaya ne, kuma ba wanda ya san ƙarshen labari.

Me ya sa nasu ya yaɗu duniya, namu ya ja da baya? Akan ambaci makaranta da rediyo da ci-rani, da sukar malamai a kan cuɗanyar maza da mata. Duk gaskiya ne, ko da yake su ma can sun sha suka, domin a 1983 har ƙungiya aka kafa a Amurka mai zargin wasan da koyar da tsafi. Dalilin da aka fi mantawa da shi shi ne ɗab'i. Lokacin da boko ya waiwayi wasa, dandamalin Turai ya zaɓa: R. M. East ya buga Six Hausa Plays a 1936, Abubakar Tunau ya biyo da Wasan Marafa, Shu'aibu Maƙarfi da Jatau Na Kyallu. Littattafai ne masu daraja, amma magana ce a rubuce da yaro zai haddace ya maimaita. Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun daga 1939, ta nuna cewa Bahaushe mai son rubuto wa edita wasiƙa ne. Abin da ba a samu ba shi ne takardar da Sarkin Samarin wani ƙauye zai aika mata da yadda suke naɗi da yanke tara, na wani ƙauyen ya karanta ya ce a'a, ga yadda mu muke yi. Saboda haka ƙa'idar kowane dandali ta zauna a kan waɗanda suka yi wasan.

Manazarta sun bayyana kalankuwa, amma yawanci siffarta suka kawo, watau shiga da kiɗa da jerin muƙamai. Abin da ɗalibi ko jami'in al'adu na ƙaramar hukuma zai tambayi tsohon da ya taɓa zama Razdan a dandalin Kusada daban ne: wa yake zaɓe, me ake ƙirgawa laifi, nawa ne tara kuma ina kuɗin yake tafiya, wa yake raba gardama in Alƙali da Di'o suka saɓa, kuma da wace alama ake sanin mulkin ya ƙare.